Ragayar Iya

Shekara huɗu gonar shinkafar mahaifina ta yi a ƙarƙashin ruwa, ba wanda ya sa mata fartanya. Idan mutum ya tsaya a kan jingar da ke bayan ƙauyenmu, gabas da Haɗeja, ba abin da zai gani sai kacalla, tsaye kamar katanga, ta fi dogon mutum tsawo ko da ya ɗaga hannu. Gonakin gidaje da dama suna cikinta. Can tsakiya akwai wata tsohuwar giginya da ke leƙowa, ita ce kaɗai shaidar da ta rage mana cewa muna da ƙasa a wurin.

Dattawa sun ce a da kogi yana zuwa da damina, ya malale fadama, rani na yi ya janye, ƙasa ta bushe har ta tsattsage. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwan ya zama ba ya yankewa, rani da damina. Kacalla kuwa ba abin da take so kamar ruwan da ba ya ƙafewa. Saiwoyinta suna sarƙewa su riƙe laka, laka ta toshe hanyar ruwa, ruwan da ya rasa hanya ya kwanta a gonakin mutane. A cikinta kuma jan-baki ke kwana, ya wayi gari a kan ɗan abin da aka samu aka shuka a tudu.

Maganin da muka sani shi ne gayya. Maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje, su yanke ciyawar daga ƙarƙashin ruwa domin kututturen ya rasa iska ya ruɓe, su buɗe tsohuwar hanyar da ruwa ke bi ya koma kogi. Aiki ne na kwana goma ko fiye, ga matsattsaku, ga tsargiya da ke biyo baya. Abin da ya raba kan gari shi ne inda tsohuwar hanyar take. Mahaifina da mutanensa sun ce ta miƙe ne ta gindin giginya. Wani tsohon masunci, wanda ƙafa ta hana shi shiga ruwa tun shekaru, ya ce kafin giginyar ta karkata arewa. A shekarar da ta gabata maganar masu ƙarfi aka bi, aka yi kwana goma sha ɗaya ana yanka, ruwa bai motsa ba. Saboda haka da aka sake tayar da maganar gayya, samari suka yi shiru, wasu suka fara ɗaure kayan cin-rani. Na ji Baba da kunnena yana tambayar wani baƙo nawa ake sayen fadamar da ruwa ya ci.

A wannan lokacin na dawo daga bautar ƙasa da takardar digiri a fannin fiziks, da akwatin littattafai, da wani ɗan jirgi mai saukar ungulu na lantarki wanda ake tuƙawa da rimot. A hannun wani abokin hidima na saye shi, bayan ya kayar da shi ya gaji da gyara. Faɗin farfelarsa kamar santimita 70 ne, nauyinsa da batir bai cika kilo ɗaya ba, batir guda kuma yana riƙe shi a sama minti biyar zuwa shida. Wata takwas na yi ina koyon tsayar da shi wuri guda a filin ƙwallon makarantar da na koyar. Ranar da na fito da shi a gida, wani ya tambaye ni ko irin na yaron nan na Kano ne, yana nufin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi da injin mota a 2007. Na ce a'a, nawa saye na yi, kuma ko kaza ba zai ɗauka ba.

Wata rana bayan sallar Magariba, ana cikin gardamar hanyar ruwa a ƙofar gidan mai gari, sai na ji bakina yana cewa zan ɗauko musu hoton fadamar daga sama. Ba zan ce tausayin gari ne kaɗai ya sa na faɗa ba. Wata uku ke nan ina cin tuwon gidanmu ba na kawo komai, kuma na gaji da yadda ake gaishe ni da "ya jiran aiki?" Mai gari ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Gani ya kori ji." Aka ɗage gayya zuwa mako shida.

Kyamarar da nake da ita tsohuwar wayar ƙanwata ce, nauyinta giram 140. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na yanko robar tayar keke, na ɗaure wayar tamau a tsakanin ƙafafun jirgin, idonta yana kallon ƙasa, na kunna ɗaukar bidiyo, na tashi a bayan gida. Da na sauko na duba, sai na ga katangar gidanmu tana lanƙwashewa tana miƙewa kamar inuwar mutum a ruwan da aka jefa wa dutse. Akuyar da ke ɗaure a turke ta zama wani abu mai ƙafa shida. Ban iya tsayar da hoto ko ɗaya da za a gane ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babbar farfelar tana juyawa kamar sau 2,400 a minti, watau sau 40 a kowace daƙiƙa, ƙaramar da ke wutsiya kuma ta ninka haka fiye da sau huɗu. Duk ɗan rashin daidaito da ke jikinsu yana zama karkarwa da ke bin gangar jirgin. Idon kyamarar waya kuwa ba ya ɗaukar hoto a tashi ɗaya. Layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa, kamar ɗalibi a gaban allo. Idan kyamarar ta gusa kafin ya kai layin ƙarshe, kan hoton yana wuri ɗaya, ƙafarsa tana wani wurin.

Na san wannan duka, amma abin da na yanke shi ne ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Haka aka raine mu: kayan da ke motsi a kan jaki, ƙara tamke igiya ake yi. Na je Haɗeja wurin masu haɗa tagogi, na roƙi guntayen alminiyam, na zauna kwana uku da zarto da magagari na ƙera mazauni mai kusurwa huɗu, na ɗaure shi da noti a gaban jirgin domin ƙafafun kada su shiga hoto. Ya yi kyau a ido, har na kai wa Baba ya gani. Da na tashi da shi, hoton ya fi na farko muni, domin ƙarfe ba ya ɓatar da komai daga karkarwar, yadda ya karɓa haka yake miƙawa. Wannan ma bai kai ɗayan kuskuren ba. Jirgi mai saukar ungulu yana rataye ne a jikin sandar da farfela ke juyawa a kanta, dole nauyinsa ya taru daidai ƙarƙashinta. Ni kuwa na ɗora giram ɗari biyu da wani abu a hancinsa. Sai ya riƙa sunkuyawa yana neman gudu gaba, ina ja yana ƙi, har iska ta taso daga gabas ta haɗa shi da rumbun maƙwabcinmu. Fukafukai biyu suka karye, sandar tsakiya ta lanƙwashe.

Kwana goma sha shida na jira kafin wanda na aika Kano ya samo mini wasu. Ba wanda ya yi mini dariya a fuska, sai yara da suka sa wa jirgin suna Mazari, suna kwaikwayon faɗuwarsa da hannu. Baba bai ce komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A cikin kwanakin nan na fi zama a ɗakin kakata, domin nan ne kaɗai ba a tambayata labarin jirgi sai da wasa. Wata ranar da hantsi ina kwance a tabarmarta, mata suna daka a tsakar gida, turmin yana jikin bangon ɗakin. Akwai kwanon sha a ƙasa kusa da kaina. Duk saukar taɓarya sai ruwan ciki ya yi zobe-zobe, ya lafa, ya sake yi. Na daɗe ina kallonsa don rashin abin yi. Da na ɗaga ido, sai ga ƙwaryar nonon Iya a cikin ragaya, rataye daga azara da igiya huɗu, faifan ya ɗan zame. Na miƙe na leƙa. Nonon yana kwance, ko gezau.

"Angon nawa, yunwa ce ta kai ka leƙen ƙwaryata?" in ji Iya. "Miji ba cefane, sai sata."

"Iya, me ya sa kike rataye nono?"

"Saboda kyanwa da tururuwa da irinka."

"Ba saboda kada ya girgiza ba?"

Ta dube ni kamar wanda ya tambayi dalilin da ya sa ake dafa tuwo da wuta. Ta ce, "Abin da ke rataye ina ruwansa da abin da ƙasa ke yi?"

Na koma na buɗe akwatin littattafaina. A shekarata ta biyu a jami'a an koya mana wannan, na rubuta shi a jarrabawa, na kuma ci. Duk abin da aka ɗora ko aka rataya a kan abu mai tsalle yana da nasa saurin lilo. Idan girgizar da ke zuwa daga waje ta yi daidai da wannan saurin, sai ta ƙaru ta yi muni. Ba ta fara raguwa sai ta fi shi sauri da kamar sau ɗaya da rabi, daga nan kuma iya nisan tazarar iya raguwarta. Idan ta ninka shi sau huɗu, kashi ɗaya cikin goma sha biyar ne kawai ke tsallakawa. Ga lissafin a rubuce da hannuna, har na ja masa layi da jar tawada. Mun haddace shi yadda ake haddace sunayen kogunan ƙasashen da ba za mu je ba, ba wanda ya taɓa sa mu rataya ko da dutse a jikin roba mu gani. Ba na ɗora laifin duka a kan malamai. Ɗakin gwajin yana nan, ni ma ban taɓa tambayar dalilin da ya sa kullum yake kulle ba.

Tunda farfela tana bugawa sau 40 a daƙiƙa, ina bukatar mazaunin da nasa lilon bai wuce sau goma ba. Lissafin ya ba ni abin da zan iya aunawa da rula: idan na rataya kayan, robar ta miƙe da milimita biyu da rabi, na samu. Na yanko falanki siriri guda biyu, kowanne kamar tafin hannu. Na ɗaure na sama a cikin jirgin, daidai ƙarƙashin sandar tsakiya, na huda na ƙasa a tsakiya domin idon kyamara. Robar da ta dace kuwa a wurin yaran da ke korar jan-baki na same ta, danƙon da suke harbi da shi. Na saya guda biyu, na tsaga su siri-siri, na yi zobe huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Wayar ita kaɗai ba ta da nauyin da zai ja danƙon yadda nake so, kuma abu marar nauyi ko waya mai kai wuta ta taɓa shi sai ya motsa. Don haka na ciro batirin jirgin daga mazauninsa, mai giram 180 da ɗoriya, na mayar da shi kan falankin ƙasa tare da wayar, na bar wa wayoyinsa sassauci. Nauyin da jirgin zai ɗauka ko ta yaya, gara ya yi mini aiki biyu. Sai da na ƙara wa ƙafafun tsawo da guntun gora domin kada kayan su taɓa ƙasa. Daga nan na riƙe kan farfelar da yatsu biyu na ɗaga jirgin, ina gusa batir gaba da baya har ya tsaya daram, hanci da wutsiya a layi ɗaya.

Gwajin farko ya nuna mini abin da ragayar Iya ba ta fama da shi, domin ɗakinta ba ya juyawa. Ƙananan igiyoyin ruwan nan sun kusa ɓacewa daga hoton, amma duk lokacin da na karkata jirgin, falankin sai ya kama lilo ya ƙi tsayawa. Na yanko soson tsohuwar katifa, na cusa ƙanana huɗu tsakanin falankan biyu, suna taɓawa kawai ba su danne ba. Na farko sun yi kauri, karkarwa ta dawo ta cikinsu. Na yi ta rage su da reza har yamma.

Duk da haka akwai saura. Bakin katanga a hoton yana da ɗan zigazigi kamar haƙoran zarto. Na kai jirgin wurin Malam mai gyaran rediyo a kasuwarmu domin ya liƙe mini wata waya da ta tsinke. Ya sa na kunna shi a ƙasa, ya ɗora yatsa a kan wutsiyar, ya saurara. Ya ce, "Ɗana, fankar da ke rawa ba a ƙara mata ƙusa a silin. Fiffikenta ake dubawa." Ya ciro sababbin fukafukan, ya haɗa gindinsu da noti guda, ya ɗora notin a kan bakin reza biyu da ya kafa a sabulu. Ɗaya ya sauka, ɗaya ya tashi. Ya riƙa manna salatif a jikin marar nauyin, guntu bayan guntu, har suka tsaya kamar ma'aunin mai zinariya. A gida na shafa jan farcen ƙanwata a bakin fiffike ɗaya, na tsuguna na kalli farfelar daga gefe tana juyawa, na ga ja yana bin sama fari yana bin ƙasa. Na juya ɗan sandan da ke riƙe da kusurwar fiffiken har layukan biyu suka zama ɗaya. Ƙarar jirgin kanta ta sauya, ta koma siririya. Da na fara da wannan tun ranar farko, da rabin wahalar ban sha ba.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika muka fita, bayan sallar Asuba, kafin iska ta farka. Batir biyu gare ni, na cika su da dare da batirin motar wani direba. Da wannan kaya a cikinsa jirgin ba zai wuce minti huɗu a sama ba, kuma ba ni da hanyar ganin abin da kyamara ke gani sai ya sauko. Na shimfiɗa tabarma a kan jinga. Mutane sun fi talatin a bayana, mai gari ya sa aka mayar da yara baya. Na yi bisimilla na tashe shi. Da ya kai kamar mita hamsin sai ya zama ɗigo, ba na bambance hancinsa da wutsiyarsa sai ta yadda ya amsa yatsana. Na tura shi wajen giginya a hankali, ina ƙirga daƙiƙu da baki, ina sane da cewa in ya faɗa cikin kacalla ba mai sake ganinsa, har da wayar ƙanwata. Gwiwoyina suna rawa, na ji dadin cewa doguwar riga na sa. A ƙirga na ɗari da tamanin na juyo da shi. Na sauya batir na sake tashi, wannan karon na karkata arewa.

A gindin tsamiya muka duba. Hoton ya tsaya cak, har ana ganin farin balbela a kan ciyawa. Wayar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Baba ya riƙe ta ya daɗe, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce bai ga komai ba sai tabarma kore. Bai taɓa ganin giginya daga ka ba. Da na nuna masa ita, wani ɗan tauraro mai inuwa doguwa, sai ya yi shiru, sa'an nan ya sa yatsa ya fara zagaya wani wuri da ba shi da wata alama, yana cewa nan ne iyakarmu, nan ta gidan liman, nan mahaifinsa ya taɓa kashe kada.

Aka miƙa wa tsohon masuncin. Ya matso da ita dab da idonsa. Kacalla ba ta son ruwa mai zurfi, don haka inda tsohuwar hanya take ciyawar ta yi shara-shara, ruwa yana ɗan baƙi a tsakaninta. Daga ƙasa ba za a taɓa lura ba, daga sama kuwa ga zaren nan siriri yana tafe. Tsohon ya bi shi da farce. Kafin giginya, ya karkata arewa. Wani daga baya ya ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, aka yi dariya, har da Baba, wanda maganar ta fi shafa. Amma farcen tsohon ya ci gaba, ya kai wani wuri da zaren ya yanke, ciyawa ta yi duhu ta cike kamar taki sittin, sa'an nan ya sake ɓullowa. Ya tsaya a nan. Ya ce, "Wannan ban san shi ba. Bayan ƙafata ta daina zuwa ya toshe."

Daga wannan toshiyar aka fara gayya, aka shiga ta da kwalekwale ta bayan gari. Ni ma na karɓi lauje, na yi kwana biyu hannuna ya faffashe, aka mayar da ni kai ruwan sha. A rana ta bakwai ruwan ya fara tafiya, ana ganin tarkacen ciyawa yana bin sa. Kafin saukar damina kashi ɗaya cikin uku na gonarmu ya fito, baƙar laka mai wari, cike da saiwoyi da sai da muka ƙone. Sauran yana ƙarƙashin ruwa har yau. Baba bai sake maganar sayarwa ba a gabana.

Zafin watan Afrilu ya kumbura batir ɗaya, na binne shi a yashi nesa da gida don gudun gobara. Ɗayan ba ya riƙe jirgin fiye da minti guda yanzu. Danƙon ma ya bushe ya tsattsage, kamar yadda danƙo ke yi. Na kwance falankan na rataye su a ƙusa a ɗakin Iya, ita kuwa kullum na shiga sai ta tambayi la'adarta, ta ce ba a satar sana'ar mace a tafi haka nan. Makon jiya muka je jinga da Baba. A bakin hanyar da aka buɗe, sababbin ganyen kacalla sun fara tsirowa, sun kai gwiwa. Ya tsaya yana dubansu, ya tambaye ni nawa ake sayar da batirin.